Ƙaron da Na Liƙa a Murfin Tanki

Ranar wata Laraba ce, cikin hutun lakwal, wato makaranta, na shekarar da tafkin Gidimuni ya cika har ya cinye hanyar lambuna, ina 'yar shekara goma. Da hantsi ina tsaye bakin ruwa, ƙafafuna cikin taɓo, ina kallon Baba a kwalekwale yana fizgar igiyar inji. Injin ya tashi, ya ja kwalekwalen a hankali lafiya lau, amma Baba na murɗa hannu ya ba shi wuta sai ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Masuntan da ke zaune gindin dabino suka kwashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na san abin da Baba ya ɗora a kan wannan inji.

Baba mai gyaran moto ne, wato babur, da injin ban ruwa a Zinder, bai taɓa kama injin jirgi ba. Masunta na da wani tsohon inji da ya shekara biyu a mace, ga rake da albasa sun maƙale a ƙetaren ruwa. Sarkin ruwa, Malam Habu, ya so a kai shi Kano, Baba ya bugi ƙirji a gaban dangin mahaifiyarsa, don Gidimuni garinta ne, ya ce Damagaram ma akwai hannu. Wata guda ya yi a zaurenmu, ya warware injin ya jera kayansa a kan tabarma, aka hana mu carafke ko kusa da wurin. Cikin ganga cike da ruwa ya gwada shi a tsakar gida, ya yi ƙara har awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Malam Habu ya ce ya ji, amma in la'asar ɗin Laraba ta yi bai ƙetare tafki ba, Alhamis a ɗora shi a motar wani ɗan kasuwar Kano. Sunan Baba ke nan zai bi motar.

To ga inda na shigo da kaina. Aikina a gida kullum shi ne in toshe kwalbar kananzir da totuwa da tsumma bayan an zuba wa fitila, Inna na cewa, "Kananzir ɓarawon kansa ne, kika bar masa ƙofa ya gudu." Ran Talata da muka iso, Baba ya ajiye jan tankin isansi, wato fetur, a inuwa ya ce in tsare shi kada yara su taɓa. Ina zaune ina taunar ƙaron da muka ɓamɓaro a daji, sai na ji warin mai na fita ta wata 'yar huda a saman murfin. Na ce ashe! Ɓarawo ya sami ƙofa. Na ciro ƙaron daga bakina na danna a hudar, na shafe da yawu, na barbaɗa ƙasa har ba a gane wurin. Wallahi har jiran yabo nake yi.

Sau huɗu aka turo kwalekwalen da gora zuwa gaci. Baba ya kwance buji, wato fulogi, ya goge ya mayar, ya hura tiyon mai da bakinsa har ya tofar da isansi, ya warware karbirato a kan rigarsa ya tsokace kowace kafa da silin waya. Duk lokacin da inji ya mutu sai ya buɗe murfi ya leƙa ko mai ya ƙare, ya rufe, inji ya sake tashi, su ɗan yi nisa, ya ba shi wuta, ya sake mutuwa. Azahar ta wuce, tuwon da Kaka, mahaifiyar Baba, ta aiko ya sandare a kwano. Wani masunci ya ce da ƙarfi wai mai gyaran moto ya tarar da abin da ba ya da taya. Baba ya koma gaban tankin. Yana tsugune yana magana shi kaɗai, na ji ya ce, "Inji kamar mutum ne, ba ya gudu sai da numfashi." Ya buɗe murfin, tankin ya ja iska fuuu, cikinsa da ya lotse ya koma daidai. Shi bai ji ba, ƙarar injina ta daɗe da kashe masa kunne ɗaya. Ni na ji, na kuma gane.

Tsoro ya kama ni. Na yi tunanin dorina, na yi tunanin in yi shiru abina, na dubi inuwar dabino ta fara tsawo. Na je na ja gefen rigarsa, na faɗa masa a kunnensa mai ji. Sunan Kaka gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ara mini allurar zaninki." Ya juya wa mutane baya, ya kankare ƙaron ya jefa a ruwa. Da suka fita ya murɗa hannu, injin ya yi kururuwa, hancin kwalekwale ya ɗaga, Malam Habu ya dafe hularsa. Da suka dawo da rake aka tambayi Baba me ya faru, sai ya ce, "Sakacina ne, ban duba murfi ba." Ya sha tsokana a kan haka har ƙarshen ransa, ko Inna bai gaya wa ba.

Yanzu 'ya'yana in fanka ta tsaya waya suke dubawa, ni kuma in suka yi ɓarna bakina ya riga tunanina, sai na gama faɗa in tuna Baba ya juya bayansa yana kankare laifina. Bara na koma Gidimuni, na iske wani tsoho a bakin ruwa, da ya ji 'yar wane ce ni sai ya yi dariya ya ce, ai ya tuna, mai gyaran nan da ya manta murfi. Na buɗe baki zan gyara masa zancen, sai na fasa. Baba ne ya rufe wannan maganar, ita kam ba ta buƙatar numfashi.