Baturana Sun Riga Ni Hawa Jirgi

Sana'ata ɗaukar murya. Tun ina da gashi a ka nake yawo da rekoda a Fatakwal: wa'azi, walimar sauka, ɗaurin aure, taron 'yan kwata a Trans-Amadi. Duk wanda ya taɓa yin tari a unguwarmu ina da shi a ajiye. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, hawa jirgin sama. Na hau tirela a kan buhunan albasa, na hau okada mu huɗu har da akuya, amma jirgi sai dai in ɗaga kai in bi shi da ido har wuyana ya ƙage.

Ana nan sai Alhajinmu, babban dillalin shanu na kwata, ya tashi aurar da ɗansa a Kano. Ya ce yana so a ɗauko masa komai, musamman addu'ar da gyatumarsa za ta yi wa ango, don tsohuwar ta yi nisa. Ya sayi kujerun jirgi, saura ɗaya ba mai ita. Ni fa har na kai shaddata wajen mai guga. Na sanar da mai shayi, na sanar da mai keken da ke kai ni aiki, na yafe wa mutanen da ba su ma nemi yafiya ba.

Sai kujera ta faɗa kan taubashina, ɗan ƙanwar babana, mahauci, mutumin da ko rediyo bai iya kamo tasha ba. Na je wajen Alhaji da fuskar ta'aziyya. Ya ce akwai shanun biki da za a yanka a can, kuma hannun taubashina kawai ya yarda da shi.

"Malam, shi zai iya danna jan maɓalli. Kai za ka iya feɗe sa?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce to in ba shi kayan aikin.

Ranar haɗa kaya na tarar ya cusa baturana cikin babbar jaka tare da wuƙaƙensa. Baturan litiyam ne, irin waɗanda in bakinsu ya haɗu da ƙarfe ko suka ɗau zafi sai su kama da wuta. Shi ya sa ba a yarda su shiga cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi ba, inda babu ido. Sai dai a jakar hannu, kusa da mutum. Dokar nan na daɗe da haddace ta, saboda tafiyar da nake ta shiri. Na zauna na liƙe bakin kowane batir da salatif, na sa kowanne cikin safar yarana, na ce wuƙaƙe ƙasa, batura sama, kada kuma ya haɗa su da makulli.

Ya dube ni ya ce, "Wato baturanka sun fi wuƙaƙena daraja. Kai ma sun fi ka, bawana. Su za su sha sanyin jirgi, kai kana nan kana fifita da kwali."

Na yi dariya irin wadda haƙora kaɗai ke yi. Har filin jirgi na raka su, ni ne ɗan dako. Ma'aikacin da ke binciken kaya ya buɗe jakar hannu, ya ga safa a jere, ya ce, "Oga, you sabi travel o." Wai taubashina ne gwanin tafiya. Shi kuwa ya gyaɗa kai kamar a jirgi aka yanke masa cibiya.

Ban kai gida ba hoto ya shigo wayata: baturana a kan cinyarsa, gefen taga, cikin jar safar autana. Wallahi har wata ƙiba na ga sun yi. Mai ɗakina ta ce in ci abinci, na ce ba na jin yunwa, sannan na cinye har da na yara don baƙin ciki.

Da suka dawo ya cika kwata da labari. Wai ya ga saman hadari, wai shanu daga can kamar ƙwarƙwata, wai shi barci ma ya yi. Na karɓi rekodata na kunna. Addu'ar tsohuwa ta fito tas, na ji haushin hakan ma. Amma gabanta akwai wani dogon abu da ban san da shi ba. Ashe tun a ɗakin jira ya danna jan maɓalli don gwaji, ya mayar cikin jaka bai kashe ba.

Na sa iyafis a kunne. Ga ƙarar inji tana hauhawa. Ga kuma mai barci: salati, istigfari, duk surar da ya sani har da wadda ya manta rabinta. Yana roƙon Alhaji ya kula masa da iyali. Da jirgi ya yi wata girgiza sai na ji ya ce, "A gaya wa taubashina na yafe masa, shi ya kamata ya zo."

Da wannan kaɗai zan iya riƙe shi har tsufa, a gaban mahauta kaf. Na yi niyya kuwa. Sai dai na sake saurara, na kuma sakewa, na ga abin bai sanyaya mini rai ba. Har tsoron nan nasa ƙyashinsa nake ji. Shi ya yi kuka a sama, ni ko atishawa ban yi a can ba.

Yanzu in na shiga keke zuwa aiki nakan zauna a gefe, in rungume jakar batura, in sa iyafis in rufe ido. Inji ya tashi, ramukan hanya su ba da girgiza. Akwai wurin da wata ma'aikaciya ke tambayarsa shayi ko lemo, shi kuwa tsoro ya hana shi amsa. Nan nake cewa lemo. Mai keken ya daina waiwayowa.