Jan Fenti a Kan Injin Baba Tuktuk

Yaran layi ne suka laƙaba masa Baba Tuktuk, saboda ƙarar da ke tashi daga bayan gidansa. Tun da ya ajiye aikin kanikanci ya koma tara tsofaffin injuna, irin masu zama wuri ɗaya suna niƙa ko jan ruwa, masu manyan ƙafafun ƙarfe da sai an murza da hannu kafin su tashi. Ba ya niƙa komai da su. Ya tashe su kawai, ya ja kujera, ya lumshe ido. Matarsa ta daɗe da sallama rumfar shanyarta, ta ce gara ƙarfe da yawon banza.

Kowane inji ya san kamfanin da ya ƙera shi, in ban da wani baƙi da ya tsinto a bolar 'yan gwangwan. An ɓalle allon tagullar da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya rage sai wani dusasshen rubutu na ainihin fentin kamfani, ƙarƙashin baƙin mai. Ya hana kowa taɓa wurin, don a wajen masu wannan harka tsohon fenti shi ne shaidar haihuwa. Shi kuma yanar ido ta rufe masa gani, ba ya iya karantawa.

Shekaru 'ya'yansa na roƙo a yi masa aikin ido yana zillewa. Ranar da ya yarda, kowa ya ɗauka jikokinsa yake son gani. Injin ne.

Mijin autarsa mai fentin mota ne, bawan Allah mai ladabi har ya yi yawa. Baba bai taɓa sakar masa fuska ba, don a ganinsa mai fenti ɓoye tsatsa kawai ya iya. Da aka kwantar da tsohon a asibiti, surukin ya ga dama ta samu. Ya zo da samfefa da injin feshi, ya yi aiki tsakaninsa da Allah.

Da aka sallamo Baba, ko ruwa bai sha ba ya nufi rumfa. Abin da sabon idonsa ya fara gani tangaran shi ne inji ja wur, yana sheƙi kamar sabon bokiti, ga suruki a gefe ya durƙusa yana murmushi, ga auta a bayansa tana jiran yabo. Zuciyar tsohon ta yi baƙi ƙirin. Ya dubi 'yarsa, ya haɗiye abin da ya taso masa, ya sa albarka da wata murya da ba tasa ba. Sannan ya tambaya ko an ga wani rubutu a jiki.

"Na gani, Baba. Shi ya fi ba ni wuya wajen kankarewa."

"Ka karanta?"

"Na karanta mana. Sunan yana nan a bakina, zai dawo."

Tun daga ranar, duk yamma Baba kan aika a kira shi. Ya ba shi kujera mai taushi, ya zuba masa shayi da hannunsa, yana jero sunayen kamfanoni ko ɗaya zai faɗo daidai. Surukin ya karkata kai, ya ce ya yi kama, amma ba shi ba ne. Daga nan hira ta zarce: surukin ya koyi murza inji ba tare da hannun injin ya mare shi ba, Baba kuma ya ji labarin yadda surukin ya tashi ba uba. Auta har kuka ta yi don daɗi.

Yanzu Baba ya fara zargin mutumin nan ya tuna sunan tuni, ɓoyewa yake. Jiya ma ya ga bakinsa ya motsa zai faɗa. Tsohon ya yi maza ya tura masa kofi, ya ce ya sha kafin ya huce.