Baƙuwar da Ke Zama a Kan Mara

Daminar da aka yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, maza na zaure suna ta gardama a bakin rediyo, ni kuwa ina ɗaki a dunƙule kamar kifin da aka banda. Shekarata goma sha uku, wata na huɗu ke nan da fara al'ada, kuma duk zuwanta sai na kwana biyu ina murƙususu. Gwaggo Lami, ƙanwar babana, ta riga ta yanke hukunci: iska ce. Ran kasuwa za ta ɗauke ni a babur mu ƙetara iyakar Benin, wurin wani mai magani da ke tsaga mara da aska ya cusa garin magani. Tsoron askar nan ya fi ciwon cin raina.

Iya, kakarmu, ba ta musu da kowa a gidanmu na Geza. Bayan magariba ta sa aka fito da ni bakin murhu inda take gasa mana masara, Gwaggo na gefe tana tsince wake.

"Ga ta nan tahe," in ji Iya, "wanda bai iya jin tsoro shi tashi tun yanzu."

Wai akwai wata tsohuwa mai ƙunshin kaya da ke bin gidaje duk wata, ba ta sallama. In ta tarar da budurwa a kwance, sai ta hau mararta ta zauna, ta kwance ƙunshinta, duwatsu ne zalla. Ta sami wata yarinya mai suna Tasalla a kwance, wurin ya yi mata daɗi. Iyayen Tasalla suka kira mai aska ya fitar da tsohuwar. Iya ta rage murya har sai da muka matso: "Ashe jini shi na abincinta. Kowace tsaga anka yi, sai ta ƙara ƙiba." Wata safiya aka shiga ɗakin Tasalla, tabarma ta lotsa. Aka ɗaga, sai rami, babu yarinya.

Tsohuwar ta koma kan ƙanwar Tasalla. Ita kuwa da ta ji nauyi, sai ta miƙe. Ta je rijiya, ta dawo, ta ɗauki taɓarya, ta zaga gona. Tsohuwa na ta tangaɗi, duwatsu na zubewa ɗaya ɗaya, har ta ce wannan gida ba ya zaunuwa.

"Nan tat tsaya," Iya ta ce, ba ta ko dubi Gwaggo ba. Gwaggo dai ta daina tsintar wake.

Da safe Iya ta yaye mini zane. "Tashi, ɗiyag ga, raka ni gona."

"Iya, mutuwa za ni yi."

"To ki mutu bisa hanya, ba bisa tabarmata ba."

Na bi ta ina kuka, ina jin haushinta har wuya. Kafin mu kai bakin fadama gumi ya jiƙa ni, ƙullin da ke marata ya fara saki. Bai tafi duka ba, amma na dawo da ƙafata. Ran kasuwa mai babur ya iso, Gwaggo ta same ni ina daka gero. Ta dube ni, sannan ta hau ta tafi cin kasuwarta ita kaɗai.

Na girma na ji ma'aikatan asibiti na faɗin abin da Iya ta sani, cewa tafiya da motsa jiki na sassauta ciwon mara, wanda ya ƙi sassauci kuma a kai shi asibiti. Shekaru da yawa na ɗauka dabarar tsofaffi ce kawai ta yi mini. Sai da tsufa ya kwantar da ita, ranar da na fara yi mata wanka, na ga ƙasan cibiyarta: tabon aska jere-jere, wasu a kan wasu. Hannuna ya tsaya.

Ta ja zanenta ta rufe. "Ni ban samu mai ba ni labari ba," in ji ta. "Zuba ruwan, sanyi nika ji."