Wace Ce Ta Shayar da Ni, Gwaggo?

Shekara ashirin ke nan da muka kai Gwaggo Asabe makwancinta, amma ni na rasa ta tun kafin ranar. Yayar mahaifina ce, ita ta raine ni a gidanmu na Ƙofar Durbi, don uwata ta rasu ina jinjiri. Mace ce mai kaifin kai. In ka gaishe ta sai ta tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da ba a yi sunansa ba.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ɓarin jikinta ya shanye. Gari na ta murna, mu muna jinya. Cikin ikon Allah ta miƙe, baki ya daidaita, har tana zuwa barka da 'yar sandarta. Muka yi sadaka. Ita kuwa ta ture maganin hawan jini, wai mai lafiya ba ya haɗiyar ƙwaya, kuma duk gidan ba wanda ya ga aibin haka.

Daga nan abin ya riƙa zuwa a hankali. Takunta ya gajarce. A gaishe ta, sai ta yi jim kafin ta amsa. Ta ɗora tukunya ta rasa abin da ake fara zubawa. Muka ce tsufa ne, maƙwabta suka ce iska.

A lokacin ne aka sa ranar aurena da Binta, 'yar ƙanen mahaifina. Wallahi ina son yarinyar nan, har yau ba na jin kunyar faɗi. Ana cikin shiri wata tsohuwa ta ce ta taɓa jin cewa marigayiya uwar Binta tana cikin matan da suka ba ni nono bayan rasuwar uwata. In haka ne, Binta ƙanwata ce ta nono, aure ya haramta. Matan duk sun mutu. Wadda ta gani da idonta, Gwaggo ce kaɗai ta rage.

Na durƙusa gabanta na tambaye ta. Ta daɗe tana kallona.

"Ta shayar da kai mana, Sule," in ji ta.

Da na koma ta ce, "Mi? Wa ya hwaɗi haka? Ko kusa!"

Na sake komawa, sai ta fashe da kuka, tana tambayata ko uwata ta dawo daga unguwa. Haba, me kuma zan tambaya?

Malam ya ce maganar mace ɗaya ba ta haramta aure, balle mai irin wannan lalura, amma barin ya fi kwanciyar hankali. Dattawa suka bari. Binta ta yi aure a Ƙofar Sauri.

Sai bayan rasuwar Gwaggo wani likita abokina ya fahimtar da ni. Ya ce shanyewar da muka gani babbar ɓarna ce ta yini guda. Amma a can cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan jijiyoyin jini, wasu ba su kai silin gashi kauri ba, hawan jini yana ƙuntata su, suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, ba ciwo ba faɗuwa. Duk wadda ta toshe, ɗan wurin da take ciyarwa ya mutu, tunani ya yi nauyi, tsari ya rikice. Muna murnar ƙafa ta taka, ashe kai ne ke tafiya.

Da Gwaggo za ta leƙo Katsina yau, za ta ga abin awon jini har a shagon magani na bakin layi. Za ta kuma ga tsofaffi sun ajiye ƙwaya don tsada, ga 'ya'yansu na cewa sun warke tunda suna zuwa masallaci. An yi zaɓe an sake, ban ga abin da ya canja a ɗakin tsohuwa ba. Ina faɗa wa mutane, su ce Allah ya sawwaƙe, su wuce.

Me ya saura na Gwaggo? Tarbiyyarta tana nan, addu'a kuma ba na fasa mata. Amma abin da ta sani ya tafi da ita. A zaman makoki na baya-bayan nan na haɗu da Binta, ta yi furfura, tana riƙe da jika. Da ƙanwata ce, da na zauna kusa da ita mun sha hira. Da ba ƙanwata ba ce, da a gidana ta tsufa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, muka gaisa daga nesa, ni ban ce mata ƙanwa ba, ita ma ba ta ce mini Yaya ba.