Ajin da Ya Daina Surutu

Kowa a makarantar Goggo yake ce mata, har hedimasta, domin ita ta koya masa rubuta sunansa tun yana zuwa da wando a karkace. Aji biyu take koyarwa tun tana amarya, kuma duk sanda aka so ɗaga ta zuwa ajin manya sai ta ce a bar ta da masu majina, su ne ba su ƙware da ƙarya ba tukuna. Mijinta bakanike ne, ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya wadda yanzu nas ce a asibitin gari, tana da ɗa guda. Gwiwarta na ciwo, don haka a zaune take yawan koyarwa, yatsunta fari fat da alli.

Bango ɗaya ne tsakaninta da aji uku, bangon da bai kai rufi ba. Shekara da shekaru ta saba da hayaniyar da ke tsallakowa, har takan buga bangon da dasta ta ce su rage mata.

Ana tsakiyar zango aka turo sabon malami daga wata makaranta. Dogo ne, tsaf-tsaf, takalminsa na sheƙi, in zai gaishe ta har rusunawa yake yi. Ba a jima ba aji uku ya yi tsit. Malamai suka yi ta yabo, hedimasta ya ce an samu wanda ya san aiki. Yara kuwa suka raɗa masa Malam Shiru, amma a ɓoye.

Goggo dai hankalinta bai kwanta ba. Ta san yaro mai lafiya ba ya yin irin wannan shirun. Abin da kawai take ji shi ne takun takalmi yana bin tsakanin bencina a hankali. Sai ya tsaya. Sai wani sauti, kamar an tafa hannu sau ɗaya. Babu kuka, babu ko shessheƙa. Sai takalmin ya ci gaba. In an tashi tara, 'yan ajin kan fito a jere su tsaya jikin bango, ba mai guje-guje, kamar kajin da suka ga inuwar shaho.

A cikinsu akwai 'yar mai walda, wadda bara a ajin Goggo ta fi kowa baki. Wata rana Goggo ta kira ta daga gefen hagu, ba ta juyo ba. Ta sake kira, shiru. Sai da ta zagayo ta gabanta yarinyar ta zabura. Goggo ta ɗaga ɗankwalinta, ta ga busasshen ruwa ya biyo kunnen har wuya. Yarinyar ta ce faɗuwa ta yi, idonta a kan ƙofar aji uku.

Bayan an tashi Goggo ta kai ta wajen 'yarta. Nas ta haska kunnen, sannan ta ja uwarta gefe ta ce dodon kunnen ya fashe, kuma ba faɗuwa ke yin haka ba, tafin hannu ne.

Mai walda, uban yarinyar, ya saurari Goggo da tabaran aikinsa a goshi. Jijiyar wuyansa ta tashi, amma da ya buɗe baki sai ya ce yana da wasu yaran a makarantar, kuma an ce malamin yana da suruki a ofishin ilimi. Ya bar wa Allah. Hedimasta shi ma ya rufe ƙofar ofis, ya yi ƙasa da murya, ya roƙe ta ta rufa wa makarantar asiri, zai ja wa malamin kunne.

"Kunne ai an riga an ja," in ji Goggo. "Ka kira mutanen ofishin ilimi, ko in tafi da ƙafata."

Masu bincike suka zo da farar mota, maza biyu da mace ɗaya. A aji uku suka zauna, Malam Shiru yana tsaye a bakin taga ya harɗe hannuwa a baya. Suka tambayi yara ko akwai wanda ake duka. Goggo tana kallon ƙananan kawuna suna girgizawa ɗaya bayan ɗaya. 'Yar mai walda ba ta ma ji tambayar ba, ta ga an girgiza ita ma ta girgiza. Goggo ta ce a fitar da malamin a sake tambaya, babbansu ya duba agogo ya ce ba a zo nan don a wulaƙanta ma'aikaci ba. Ta faɗi abin da take ji ta bango. Ya tambaye ta ko ta gani da idonta, ta ce a'a. Macen ce kaɗai ta kalli kunnen yarinyar, ita ma sai ta kau da kai.

Daga ranar ɗakin malamai ya canza mata. In ta shigo sai hira ta mutu. Wani ya ce a bayan idonta tsufa ne, wanda ya kusa ajiye aiki ba ya tausayin abincin wani. Ta ji, ta haɗiye.

Hukuncin da ya fito shi ne canjin wurin aiki. Ranar da zai tafi, Malam Shiru ya zo ƙofar ajinta ana tsakiyar darasi, ya rusuna kamar kullum, ya ce ya zo neman gafara in ya taɓa saɓa mata. Har ya juya, sai ya dawo da murmushi.

"Goggo, ashe jikanki a makarantar bayan tasha yake? Can aka tura ni. Zan kula miki da shi."

Allin da ke hannunta ya karye. Ba ta taɓa gaya wa kowa a nan inda yaron yake karatu ba.

Washegari nas ta cire ɗanta daga can. Amma Goggo ta kasa zama. Ta nemi izini, ta hau mota da gwiwarta mai ciwo ta je ta samu shugabar waccan makarantar, wata mace mai sanyin murya, ta zayyana mata komai. Matar ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta san shi, sun taɓa aiki tare a wani gari, kuma can ma da irin wannan maganar ya bar su. Ta kai ƙara a lokacin, ƙarshe ita aka fara ɗagawa. Ba ta da ikon ƙin wanda ofis ya turo, iyakarta ta sa ido.

Goggo ta tambaye ta wane aji za ta ba shi. Matar ta kau da kai, ta ce ajin 'yan shekarar farko ne kaɗai babu malami.

A ƙarshen shekarar Goggo ta ajiye aiki. 'Yar mai walda tana nan, a bencin gaba take zama, tana karkata kai in ana magana, kuma kunnen bai dawo ba. Shi kuwa an ce bai cika shekara a bayan tasha ba aka sake ɗaga shi, wannan karon zuwa wani ƙauye mai nisa inda shi kaɗai ne malami. Goggo ta tambayi duk wanda ta sani a ofis sunan ƙauyen, kowa ya ce zai bincika mata.