Lambar Nafisa da Injiniya ya ajiye

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a shafin jarida ba. Injiniya kowa ke ce masa, a nan Amurka, daga garinmu Bowie har Silver Spring. Masu tuna shi sukan ambaci gadojin da ya yi aiki a kansu, ko musabaƙar Alƙur'ani ta yara da yake shiryawa kowace ƙaramar Sallah. Ni kuwa bana wata lambar tagulla ce ta tsaya mini a rai, don sai a watan jiya maganarta ta ƙare.

Injiniya yana da ciwo guda, tara tsofaffin lambobin yabo. A ƙasar nan idan tsoho ya mutu, 'ya'yansa sukan buɗe gida su sayar da komai, har cokali. Kowace Asabar sai ya ɗauki mota ya bi irin waɗannan gidaje, ya dawo da tagulla a aljihu yana washe baki, wata ta gasar kwale-kwale, wata ta buɗe layin dogo. Na sha ce masa mutane dala suka zo nema Amurka, shi ya ɓige da tara kwabban da ba sa sayen ko gishiri. Sai ya ce ba ni da idon tarihi.

Wata Asabar ya shigo da wata babba da ta cika tafin hannu. A gabanta damin hatsi ne da masara, ƙarƙashinsu ruwa na ɓulɓulowa daga dutse. A bayanta sunan wani iyali da rubutun cika shekara ɗari. Shi ɗan manomi ne daga Funtua, a wurinsa hatsi abinci ne, ba shi da wani aiki bayan wannan. Nan take ya yanke cewa kyautar gasar noma ce. Ya goge ta da lemun tsami har ta yi ƙyalli, ya ce wannan ta fi ƙarfin zaman akwati, duk wanda ya zo na ɗaya a musabaƙa shi zai rataya wa.

Nafisa ce ta ci, 'yar amininsa Dakta Bashir, likitan yara da ke Silver Spring. Shekararta tara, ta kawo izu biyu ba gargada. Injiniya ya sa wa lambar koren zare ya rataya mata, har da jawabi a kan yadda hadda take kama da shuka. Muka yi ta kabbara.

Ranar Litinin yarinya ta tafi da ita makaranta ta nuna. Malamarsu ta juya lambar, ta ce cikin murna ai kakanta a wannan kamfani ya yi aiki, kowane ma'aikaci an ba shi irinta. Ashe kamfanin barasa ne. Hatsin nan da ruwan nan kayan haɗi ne.

Da yamma Dakta ya bugo waya, ina jin muryarsa daga kicin. "Injiniya, lambar masu giya ka rataya wa mahaddaciya a gaban jama'a?" Ana tsakar sanyi, amma maigidana zufa yake. Ya sayo kofin gasa na roba mai ruwan zinare don musanya, muka tafi tare. Nafisa ta ƙanƙame lambar da hannu biyu tana kuka, tana faɗa da Turanci cewa ita ta ci, tata ce. Uban ya ce lambar ba za ta ƙara kwana a gidansa ba. Injiniya da kansa ya zare zaren daga wuyanta. A mota, da muka kusa gida, ya ce, "Hajiya, na ƙwace wa yarinya haƙƙinta."

Ya sa lambar a ambulan, ya rubuta sunan Nafisa a kai, sannan ya shiga neman hujjar da za ta sa Dakta ya sauko. Haka mutumin da ko ƙofar mashaya bai taɓa leƙawa ba ya zama masanin tarihin kamfanin giya, ni kuma na zama ɗalibarsa ba da son raina ba. A bakin tuwo nake jin yadda wani manomi ya kafa shi, don hanya ba kyau, masararsa na ruɓewa kafin ta kai kasuwa. Na ji rigimar 'ya'yansa. Na ji yadda wani babban kamfani ya haɗiye su, shi ma wani daga ƙetare ya haɗiye shi, har ba abin da ya rage na iyalin sai suna a jikin kwalba.

Ranar da ya gano cewa a shekarun da Amurka ta haramta giya kamfanin ya koma niƙa garin masara, da gudu ya dawo daga laburare. "Hajiya, ashe su ma sun taɓa hanawa! Kin ga, gari suka niƙa!" Ya kai wa Dakta. Dakta ya ce ai an buga lambar ne bayan sun daɗe da komawa ruwa. Ya kai wa limaminmu, liman ya yi dariya ya ce tagulla ce, ba a shan ta, amma uba ke da iko da gidansa. Amincinsu bai taɓu ba. Kowace Sallah Injiniya ya tayar da maganar, Dakta ya ce a'a, su ci gaba da cin nama. Shekara shida suna haka, har Allah ya yi ikonsa.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau, da yaro zai ɗora waya a kan lamba ta zayyana masa tarihinta kafin a ɗaura mata zare. Da ya tsira daga kunya. Amma na san shi, cewa zai yi an kashe daɗin bincike.

Watan jiya Nafisa ta zo da babanta kawo mini katin aurenta. Yanzu mai harhaɗa magunguna ce. Bayan gaisuwa ta sunkuyar da kai ta ce da Hausarta mai ɗan karkata, "Mama, lambata tana nan?" Na ɗauko ambulan, rubutunsa har ya fara kodewa, na miƙa wa Dakta, don shi ne mai hanawa. Ya sa tabarau ya daɗe yana duban damin hatsin.

"Wallahi, Hajiya," ya ce, "ni ma da gasar noma zan ce."

Muka tuntsire da dariya, sai na ga shi hawaye yake sharewa.

Gadojin Injiniya suna nan, musabaƙa ba ta fasa ba, sauran lambobin 'ya'yansa sun raba. Amma abin da na fi riƙewa nasa shi ne ya shekara shida bai samu sukuni ba saboda haƙƙin yarinya 'yar shekara tara. Ina kewarsa ƙwarai. Dakta ya tashi zai rataya wa 'yarsa lambar, koren zaren ya ƙi wucewa ta kan ɗankwalinta, don wuyan ƙaramar yarinya aka auna. Sai ta karɓa ta ƙanƙame da hannu biyu kamar wancan karon, ba kuma wanda ya ce ta kawo.