Telan da Ya Tsaya a Sahun Farko

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sandar su, wato kamun kifin gayya, a tafkin ƙauyenmu, gabas da Haɗeja. Idan ambaliya ta janye aka buɗe tafki, ni ke tsara shiga ruwa. Sahu uku ne, kowanne da bugun sanda ɗaya a kan ruwa. Bugun farko na gidan mai ruwa, wanda tafkin ke hannunsa. Na biyu na sauran 'yan gari. Na uku na unguwar bayan kasuwa, waɗanda ake cewa kakanninsu bayi ne. Kafin su shiga, ruwa ya dagule, manyan tarwaɗa sun ƙare. Haka na tarar, haka na riƙe.

A unguwar akwai wani tela da ya ɗan girme ni. Ya yi aiki a wata ƙasa inda ake kiransa da launin fatarsa maimakon sunansa. Da ya dawo, ya ce abin da ya ƙi a can ba zai karɓa a gida ba. Bai yi gaggawa ba. Ya fara zuwa wurin mai ruwa, aka ce masa al'ada ce. Ya je wurin liman, liman ya ce babu wannan a addini, amma ya yi haƙuri. Sannan ya zo zaurena ya faɗa mini inda zai tsaya ranar su. Ni ma na faɗa masa hukuncin karya sahu: a karya homarsa ta kamun kifi, a hana unguwarsu tafkin shekara guda. Ya ce ya sani.

Ranar, da hantsi, na same shi a sahun farko da mutum shida, kowa da homa da gora. 'Ya'yan mai ruwa sun kewaye su. Matan unguwar suna kan tudu da kwanduna. Mai ruwa ya ce in fitar da telan.

Na tsaya a gabansa. Ya miƙo mini homar.

"Ga ta, Malam, karya. Amma ka fara faɗin laifina da ƙarfi, 'ya'yana su ji daga bakinka."

Laifin kalma ɗaya ce: bawa. Shekara goma sha ɗaya ina aiki da ita, ban taɓa furta ta a gaban mutum ba. Mai ruwa ya sake kirana, wannan karon da tsawa. Na juya ga tafki na buga sau uku a jere, ban bar tsakani ba.

Gari duka ya faɗa ruwa.

Bayan la'asar aka karɓe sandar daga hannuna. An zauna a kan hukunci, amma ba a sami wanda ya shiga kafin bugun sahunsa ba, don haka ba a hana unguwar tafki ba. Tela kuwa kifin ƙarfasa biyu ya kama. Dama bai iya su ba.